Daga Ƙaraye da Rogo zuwa Kantar Jirgi: Jagoran Mai Komawa Bayan Ganin Gida

Mutumin Ƙaraye ko Rogo da yake zaune a Legas, ko Fatakwal, ko Jidda, idan ya zo ganin gida kuma ya yi niyyar komawa ta sama, galibi ta Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano yake bi, kuma kafin ya kai ga ƙofar jirgi dole ne ya ratsa matakin da ma'aikata da matafiya suke kira cekin. Ma'anar cekin ita ce gabatar da kai a kantar kamfanin jirgi domin a yi abu uku: a tabbatar cewa wanda ya zo shi ne mai sunan da ke kan tikiti, a auna kayansa a karɓe su zuwa cikin jirgi, sannan a ba shi takardar shiga jirgi, wadda ake kira bodin-fas, mai ɗauke da lambar kujerarsa. Aikin ba ya wuce minti biyu ko uku ga wanda ya zo a shirye, amma lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalilin da ya sa layin yake tsawo, domin idan aka ɗauka, a misali, jirgi zai kwashi mutum 120, kanta uku ne a buɗe, kowane fasinja kuma ya ci minti biyu, to sai an yi minti 80 kafin a sallami na ƙarshe, wannan kuwa idan ba a tsaya jayayya da kowa ba ke nan. Da zarar mutum ɗaya ya durƙusa a gaban kanta yana kwance igiyar buhu domin ya rage kaya, kantar nan ta tsaya cik, na bayansa su fara kutsawa layin da ke kusa, daga nan sai layi uku ya narke ya zama taro guda. Saboda haka mafi yawan abin da ke haddasa turmutsutsun matsaloli ne da ya kamata a ce an warware su tun a tsakar gida, kuma a can ne ya dace shirin matafiyi ya fara.

Filin jirgin Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, domin tun a 1925 jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma tun 1936 ake jigilar fasinja ta cikinsa. Yammacin Kano ma yana da nasa rabo a wannan tarihi, saboda kamfanin Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa a 1980 kuma ya daɗe yana jigilar alhazai, sunan Kabo ya ɗauka, maƙwabciyar Ƙaraye. Abin da ya fi tarihin amfani ga mai tafiya, duk da haka, shi ne ya san cewa ba hukuma ɗaya ce take gudanar da abin da yake gani a zauren ba. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, wato FAAN, ita ce mai gini da ƙofofi da jami'an tsaron da ke bincike; kamfanin jirgi shi ne mai tikiti da kanta da ƙa'idar nauyin kaya; kamfanonin hidimar ƙasa irin su NAHCO da SAHCO su ne ake ɗauka kwangilar ɗora kaya da sauke su, wani lokaci har da zama a kanta a madadin kamfanin jirgi; hukumar NCAA kuwa ita ce mai sa ido a kan kamfanonin, kuma a wurinta ake kai ƙarar tauye haƙƙin fasinja. Wanda bai san wannan rabon aiki ba yakan ɓata ƙarfinsa yana faɗa da jami'in ƙofa a kan jinkirin jirgi, alhali jami'in ba shi da ta cewa a lamarin.

Lissafin lokaci

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora lissafi a kan lokacin tashin jirgi. A tashar mota direba yana jira sai mota ta cika, wanda ya makara ma yakan bugo waya a riƙe masa gurbi, amma a filin jirgi ana rufe kanta tun kafin tashi, yawanci da minti 30 zuwa 45 a jiragen cikin gida, da awa ɗaya a na ƙasashen waje, gwargwadon ƙa'idar kowane kamfani, kuma an saba rubuta ta a jikin tikiti. Dalilin rufewar na aiki ne, domin sai an san adadin fasinja da jimlar nauyin kaya kafin a shirya takardar nauyi, wadda matuƙi yake dubawa ya san yadda aka rarraba kaya a cikin jirgi da man da ya dace da tafiyar, kuma idan an kammala ta ba a son a sake taɓa ta saboda mutum ɗaya. Shi ya sa ma'aikacin kanta yake iya cewa an rufe alhali ga jirgin can a tsaye ana hango shi ta taga.

Lissafin da ya dace shi ne wanda ake yi daga baya zuwa gaba. Idan jirgin Legas zai tashi da ƙarfe 2:00 na rana, kanta za ta rufe wajen 1:15, wanda yake son ya shiga layi tun yana gajere kuwa sai ya kasance a cikin zaure da 12:00. Daga Ƙaraye, ta hanyar Kabo da Durum zuwa Janguza, sannan titin Gwarzo ta gaban sabuwar Jami'ar Bayero, da Rijiyar Zaki, da Kabuga, har a ratsa gari zuwa titin Katsina, bai kamata a ware ƙasa da awa biyu ba, a kuma ƙara awa ɗaya ta ko-ta-kwana saboda faci da shingayen bincike da cunkoson cikin birni, wanda ke nufin barin gida da ƙarfe 9:00 na safe. Mai tasowa daga Rogo, ko daga Zarewa da Fulatan da sauran garuruwan da ke kusa da iyakar Kaduna da Katsina, sai ya ƙara kimanin awa ɗaya a kan wannan, musamman da damina. Akwai ranaku biyu da suke rusa wannan lissafi idan aka manta da su: Juma'a, sa'ad da sahun masallata yake cika tituna da dama a birni daga azahar, da Asabar ta ƙarshen wata, wadda Jihar Kano ta saba taƙaita zirga-zirga a cikinta daga 7:00 zuwa 10:00 na safe saboda tsaftar muhalli. Idan kuwa jirgin na sassafe ne, babu wata dabara da ta wuce a kwana a Kano, domin dogaro da fitar asuba daga Rogo caca ce da kuɗin tikiti.

Akwai lokutan da cunkoso yake ninkuwa, kuma sanannu ne: kwanakin da ke biye da Ƙaramar Salla da Babbar Salla, ƙarshen Disamba da farkon Janairu, watan azumi saboda masu Umra, da lokacin jigilar alhazai. Mutanen Ƙaraye suna da wani na daban da ya kamata su riƙa lura da shi, wato ranar da ake rufe sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla bayan horon mako uku, domin da yawa daga cikin matasan 'yan kudu ne, kuma a rana ɗaya suke cika motocin Kano, wasunsu kuma su nufi jiragen Legas da Abuja.

Sallama ita ce take cin awannin da aka ware wa hanya. Al'ada ba ta yarda mutum ya fice daga gari ba tare da ya durƙusa gaban iyaye da kawunnai da gwaggonni ba, kuma kowane gida aka shiga sai an yi addu'a, an kawo ruwa, an ɗauko wani ƙunshi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a kammala zagayen sallama tun jajibirin tafiya, a bar ta iyaye kaɗai zuwa safiya. Haka nan 'yan rakiya su san cewa ba a barin wanda ba shi da tikiti ya shiga zauren matafiya, don haka cika mota da mutum shida domin raka mutum ɗaya ba ya ƙara komai sai nauyi da tsaye-tsaye a hanya. Mutum ɗaya ya isa, kuma aikinsa shi ne ya jira a waje har matafiyi ya bugo waya ya ce an karɓi kaya, saboda idan aka ƙi wani abu a kanta a sami wanda zai koma da shi gida.

Tsaraba da sikeli

Nauyin da ake yarje wa fasinja kyauta ya danganta da kamfani da irin tikitin da ya saya. A jiragen cikin gida yakan kama daga kilo 15 zuwa 23 na kayan da ake aunawa, da jakar hannu mai kilo 6 ko 7. A na ƙasashen waje kuwa kamfanoni da yawa suna ba masu tasowa daga Najeriya jaka biyu, kowace kilo 23, kuma ba a karɓar jaka guda da ta haura kilo 32 ko da mai ita ya yarda ya biya, saboda lafiyar masu ɗaga ta. Mutumin karkara yana da ma'aunin da zai gane wannan da shi ba tare da wahala ba: buhun hatsi mai kilo 100 kwano arba'in yake ci, wato kowane kwano kimanin kilo biyu da rabi ke nan, don haka kwano goma na gero ko wake sun riga sun cinye rabon fasinja tun bai sa riga ko ɗaya ba. Idan aka haɗa da mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli da garin kunu da busasshen kifin Challawa, waɗanda duk ƙanana ne a ido amma masu nauyi a sikeli, sai a ga jaka ta kai kilo 35 ba a ankara ba. Ƙaramin sikelin rataye, irin na masu sayen kayan gona, ya isa a auna kowace jaka a daren tafiya, kuma ya fi kyau a bar ratar kilo ɗaya, domin ba lallai sikelin gida da na kanta su zo daidai ba.

Abin da ya haura ƙa'ida shi ake kira rarar kaya, ana kuma biyan kuɗinsa a kan kowane kilo ko kowace jaka. Kafin a biya, yana da kyau a auna darajar abin da kuɗin dakonsa, saboda sau da yawa kuɗin ɗaukar kwano biyar na masara a jirgi ya fi kuɗin masarar kanta, kuma mai zuwa Legas yana iya ba da irin wannan kaya a motocin da ke tashi daga Kano ya karɓa bayan kwana biyu ko uku. Abin da ya cancanci jirgi shi ne mai sauƙin nauyi da wuyar samu a can, irin su kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa.

Ɗauri ma yana da nasa ƙa'ida. Man shanu da zuma da manja suna zuba idan aka jefa jaka ko aka danne ta da wasu, kuma jakar da ta yi yoyo tana ɓata kayan mutane da yawa, shi ya sa wasu kamfanonin ba sa karɓar manja sam. Idan za a ɗauki irin waɗannan, sai a zuba su a roba mai murfin murɗawa, kada a cika ta taf, a naɗe bakin da salatif, a sa a leda biyu, a kuma ajiye ta a tsakiyar tufafi. Daddawa da kifi a rufe su ruf saboda wari. Jakar leda mai zane da ake kira gana-masgo tana da arha da faɗin ciki, amma tana maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya, kuma tun Nuwamba 2023 kamfanin Ethiopian Airlines, wanda yake cikin masu tashi daga Kano, ya sanar da daina karɓarta daga Najeriya sai an sa ta a kwali ko akwati mai kusurwa huɗu. Wuƙa da almakashi da reza a kayan awo suke tafiya, ba a jakar hannu ba. Batirin cajin waya da ake kira fawa-bank kuwa akasin haka ne, a jakar hannu kaɗai ake yarda da shi, saboda batirin litiyam yana iya kamawa da wuta, kuma a inda ma'aikata suke ganinsa ne za a iya kashe ta. Duk wani abu mai ruwa a jakar hannu, har da turare da humra, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Fasfo da kuɗi da magungunan yau da kullum da takardun makaranta ba sa rabuwa da jikin mai su.

Mai fita ƙasar waje yana da ƙarin abin dubawa, wato dokar ƙasar da zai sauka. Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin fasinja daga Najeriya ya shiga da nama, kilishi da dambun nama kuwa nama ne komai bushewarsu. Ingila da Tarayyar Turai sun haɗa har da kayan madara, wanda ya shafi man shanu. Saudiyya ta hana goro, kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana maimaita wannan gargaɗi ga maniyyata kowace shekara. Maganin asibiti a bar shi a kwalinsa na asali tare da takardar likita, garin maganin gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna kuwa ya fi kyau a bar shi a gida, domin jami'in da ke can ba shi da hanyar sanin mene ne sai ya tsare mai shi ya kai garin ɗakin gwaji.

Saƙo da lambar kaya

Nan ne maganar ta fi nauyi. Duk jakar da aka karɓa a kanta ana liƙa mata doguwar takarda mai ɗauke da lamba da sunan fasinja da haruffa uku na filin jirgin da za ta sauka, ana kuma yago ƙaramin ɓangarenta a manna a bayan bodin-fas ko fasfo. Wannan ita ce lambar kaya, wadda ma'aikata suke kira tag, kuma a idon doka duk abin da ke cikin jakar da ke ɗauke da sunan mutum nasa ne har sai an tabbatar da akasin haka. A Disamba 2018 hukumomin Saudiyya suka kama wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta tashi daga Kano zuwa Umra tare da danginta, saboda an sami ƙwayar tiramadol a wata jaka mai sunanta. Binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, kuma ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilu 2019. A Agusta 2025 an sake samun irin wannan, inda aka tsare masu Umra uku a Jidda saboda jakunkunan da aka rubuta da sunayensu a Kano ba da saninsu ba. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa.

Abin da matafiyi zai iya yi a kan wannan kaɗan ne, amma yana da tasiri. Ya tsaya da kansa a kanta, kada ya miƙa fasfo da tikiti ga wani ya yi masa cekin yana zaune a gefe, ko da wakilin kamfanin da ya shirya masa tafiya ne. Ya ƙirga 'yan takardun da aka manna masa ya ga sun yi daidai da yawan jakunkunansa, ya tambayi ma'aikacin jaka nawa aka rubuta da sunansa a kwamfuta, idan kuwa ba shi da kayan awo ko ɗaya, ya tabbatar an rubuta babu. Ya karanta haruffa ukun kafin jaka ta wuce: LOS Legas ce, ABV Abuja, PHC Fatakwal, JED Jidda, MED Madina. Ya ɗauki hoton kowace jaka da lambarta a jiki. Idan wani a layi ya matso ya ce tunda kayan malam ba su da yawa a taimaka a haɗa da jakarsa guda domin ya tsira daga kuɗin rara, amsar ita ce a'a, komai kamalar fuskarsa da yawan shekarunsa.

Saƙon dangi ya fi wannan wuyar ƙi, domin wanda ya kawo ƙunshi a kai wa ɗansa a Jidda ko 'yarsa a Agege yana ganin zumunci ne kawai ya nema, ƙin karɓa kuma yana iya zama abin magana shekara da shekaru. Mafita ita ce kada a ƙi saƙon, a ƙi rufinsa. Matafiyi yana iya cewa cikin ladabi, "Gwaggo, a yi haƙuri a buɗe mu gani tare, don a can ni za a tambaya abin da ke ciki," sannan ya juye kayan da hannunsa a cikin jakarsa. Wanda ya kawo kuka da yaji ba zai damu da buɗewa ba. Saƙon da aka kawo a bakin filin jirgi a naɗe da salatif, daga hannun wanda ya ce wani ne ya aiko shi, ba a karɓarsa ko da sunan wa aka ambata.

A cikin zaure

A ƙofar shiga ana nuna tikiti da katin shaida, a kuma sa kaya a na'urar bincike. Katin shaidar da ake karɓa a tafiyar cikin gida shi ne na hukuma mai hoto, kamar katin ɗan ƙasa, ko fasfo, ko lasisin tuƙi, ko katin zaɓe, kuma dole sunan da ke kai ya dace da na tikiti. Wannan yana kama mutanen ƙasar Hausa fiye da yadda ake zato, saboda sau da yawa ɗa ko ƙane ne yake sayen tikiti ta waya, sai ya rubuta sunan da aka san mutum da shi a gida, ko ya ƙara Ƙaraye ko Rogo a ƙarshe alhali babu shi a kati, ko ya sa sunan miji a inda katin yake ɗauke da na uba. Gyaran suna a ofishin kamfani ake yinsa kwanaki kafin tafiya, a kanta kuwa sai dai a tsayar da layi a yi ta roƙo.

Bayan an shiga, matafiyi ya tabbatar da layin da zai bi daga allon sanarwa ko daga bakin ma'aikaci mai rataye da katin aiki, domin kamfani ɗaya yana iya tantance jiragen Abuja da Legas a kantoci maƙwabta, kuma ba ƙaramin takaici ba ne mutum ya yi minti arba'in a layi sannan a ce masa ba nan ba ne. Kamfanoni da dama suna buɗe cekin ta intanet awa 24 kafin tashi, wanda ya yi shi tun a gida ya riga ya kama kujera, sai miƙa kaya kawai ya rage masa, wanda ba shi da kayan awo kuma yana iya wucewa kai tsaye zuwa binciken tsaro idan kamfanin ya yarda da bodin-fas na waya. Tun da sadarwa takan yi rauni a hanya, ya kamata a adana hoton tikitin a cikin waya, a kuma buga shi a takarda.

Ba za a ɗora wa fasinja laifin duka ba. Kamfanoni sukan buɗe kanta biyu inda ake buƙatar huɗu, sukan sauya lokacin tashi da saƙon waya a tsakar dare, sukan haɗe fasinjojin jirage biyu a jirgi ɗaya; ga kuma masu hidimar manya da suke zuwa da tarin katunan shaida su miƙa ta gefen kanta a gaban mutanen da suka yi awa guda a tsaye, abin da ya fi komai tunzura layi. Akwai kuma 'yan kamasho, masu cewa a kawo wani abu su shigar da mutum ta gaba ko su sa a yafe masa rara. Kuɗin da aka ba su ba shi da rasit, kuma hannun da ya karɓi fasfon mutum ya ɓace da shi na minti goma shi ne irin hannun da aka yi bayani a baya cewa yana liƙa sunan fasinja a jakar da ba tasa ba. Kuɗin rara a teburin kamfani ake biyansa, a karɓi rasit. Idan lokacin rufe kanta ya matso alhali mutum yana tsakiyar layi, ya ɗaga murya cikin natsuwa ya shaida wa ma'aikaci jirgin da zai bi, domin an saba kiran fasinjojin jirgin da ya kusa tashi su matso gaba, wanda ya yi shiru saboda kunya kuwa babu wanda zai san da shi. Tsofaffi da marasa lafiya suna da damar neman keken guragu kyauta, amma a sanar da kamfani tun awa 48 kafin tafiya. Idan na'urori suka tsaya aka koma rubuta bodin-fas da hannu, aikin yana ninka lokacinsa, kuma a irin wannan rana ce ya fi kamata a duba lambar kaya da kyau, tunda ita ma da hannu ake cika ta.

Mai fita waje, bayan kanta, zai bi ta teburin jami'an lafiya, inda ake duba katin rigakafin shawara, wato yalo-kad, wanda yake fara aiki kwana 10 bayan allura kuma tun 2016 ake ɗaukarsa na tsawon rai. Sai jami'an shige da fice masu buga hatimi a fasfo. Ga kuma kwastan da NDLEA da jami'an kula da fitar kayan gona. Wanda yake ɗauke da kuɗin da suka haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu dole ne ya bayyana su ga kwastan a rubuce. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida, mazaunin Saudiyya kuma ya duba ranar ƙarewar igamarsa, wato takardar izinin zama, da ta bizar fita da dawowa tun kafin ya tsawaita hutu saboda biki ko rasuwa, domin kamfanin jirgi ba zai ɗauki wanda za a mayar da shi daga can ba.

Jinkiri da haƙƙin fasinja

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rage nisan gani a Kano har jirage su kasa sauka, jirgin da bai sauka ba kuwa ba zai ɗauki kowa ba, don haka fasinjojin safe da na rana sukan taru a zaure ɗaya. Wanda yake da jirgin ƙasar waje da zai kama a Legas ko Abuja a wannan lokaci ya bar Kano kwana ɗaya kafin ranar. Sashe na 19 na dokokin NCAA ya tanadi cewa a tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu kamfani ya ba fasinja abin taɓawa, idan ya wuce awa uku fasinja yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma ya shiga tsakanin 10:00 na dare da 4:00 na asuba a ba shi masauki da motar kai shi. Kamfanoni sukan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru bisa tsammanin wasu ba za su zo ba, wanda aka hana shiga saboda wannan dalili alhali ya zo a kan lokaci yana da diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, ban da zaɓin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgin. Sharaɗin shi ne zuwa a kan lokaci, shi ya sa yake da amfani mutum ya riƙe wata shaida ta sa'ar da ya iso, ko da rasit ɗin kuɗin shiga da mota ne, kuma jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA suna da teburi a filin jirgin.

Ƙananan takardun lambar kaya ba a yar da su sai an fita da jakunkuna a inda aka sauka. Idan jaka ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, a je teburin kamfani a cika takardar rahoto kafin a bar zauren karɓar kaya, a kuma karɓi kwafinta. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda dokar sufurin jiragen sama ta Najeriya ta ɗauka, ta ba fasinja kwana 7 ya shigar da ƙorafi a rubuce a kan jakar da ta lalace, da kwana 21 a kan wadda ta makara, ana ƙirgawa daga ranar da aka miƙa masa ita.